Kwalbar da Ta Girmi Ango

Tun da na dawo daga Amurka ban huta ba. Wadda ta zo ɗiban dusar aladu sai ta zauna a kan turmi ta ce in ba ta labari, har matan zumuntar coci da ba sa taka ƙofar gidana da rana yanzu sun gane hanya. Bakina ya gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya fita da labarin sai ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji wai na sha giyar shekara ɗari na faɗi a gaban Turawa. To ga shi na rubuta, mai so ya karanta, a bar ni in kula da wutata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Laraba, an fi kira na Maman Dinatu. Burkutu nake dafawa a ƙauyenmu kusa da Kafanchan, shekara talatin da huɗu ke nan. Mijina ya rasu Dinatu tana da shekara shida, tukwanen nan su suka riƙe mu har ta zama nas ta haye Amurka. A coci bencin baya nake zama, ba a ba ni jibin Ubangiji, gurasar nan da ake raba wa masu ibada, kuma na daɗe da daina jin ciwon wannan. Abin da ya yi min ciwo ta waya ya zo.

Wata Asabar Dinatu ta kira ta ce ta sami miji. Sunansa Andires, a Amurka aka haife shi amma iyayensa mutanen Sifen ne. Uban ya rasu, uwar tana nan, kuma suna so in zo a yi baiko a gabana. Na yi guɗa har kajina suka watse. Sai ta rage murya.

"Mama, akwai magana ɗaya. Na gaya musu sana'ar hatsi kike yi. In sun tambaya ki tsaya a kan haka, filis."

"Hatsi," na ce.

"Ai ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, Mama. Ba dawa kike saya ba?"

"Ina saya. Kin taɓa gani na ina sayarwa?"

Ta ce lokacin aikinta ya yi, ta kashe waya. Na koma bakin tukunya ina juyawa, hayaƙi na shiga idona, na kuwa gode wa hayaƙin don ya ba ni abin fakewa. A nan na yanke shawara. Zan je. Ba zan yi ƙarya ba, ba kuma ni zan tona ba. Amma hannuna ba zai hau kan Dinatu da albarkar aure ba sai ta faɗi sana'ata da bakinta a gaban mutanen da za ta zauna da su har mutuwa.

Neman biza bai ba ni wuya yadda aka tsorata ni ba. Baturen da ke bayan gilashi ya tambayi aikina, na faɗa masa da guntun Turancina na kasuwa cewa giya nake dafawa. Ya yi dariya ya tambaya ko tana da ƙarfi, na ce ya zo ya gwada. Ranar tafiya kuwa motar da na shiga zuwa Abuja ta yi faci kafin Kwoi, ta sake yi bayan Keffi, direban yana ta rantsuwa wai kayan wani ne ke da nauyin alhaki. Kowa ya juyo ya kalli jakata don ita ce babba. Na ce masa alhakin yana jikin tayoyinsa da suka suɗe.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya Bilkisu, Bakanuwa, za ta wurin ɗanta likita. Zuwanta na huɗu ke nan, don haka ta ɗauke ni kamar kayanta. Ita ta ɗaure min bel, ita ta nuna min yadda ake buɗe ƙofar bayi, kuma da muka sauka a ƙasar Jamus don canza jirgi ita ta ja ni na hau matakalar nan mai tafiya da kanta, ina kiran sunan Yesu tana kiran na Annabi. Da muka zauna a jirgi na biyu ta dube ni.

"Baiwar Allah, wai wace sana'a kike yi a gida?"

"Burkutu nake dafawa, Hajiya."

"A'uzu billahi," ta ce, ta tattara gyalenta ta juya wajen taga. Na ce a raina shi ke nan, na rasa jagora. Can bayan ɗan lokaci sai na ji an buɗe roba, ƙanshin dambun nama ya tashi. Ta turo min.

"Ci, don ba za su bar mu mu shiga da shi ba. Allah ya shirye ki."

"Amin, Hajiya. Ya shirye mu duka."

Muka cinye tas. Na yi ta tunani a hanya, ga wadda addininta ya hana ta ko taɓa ƙwaryata, ta ji gaskiya ba ta mutu ba, ga kuma wadda na haifa tana ɓoye ni.

A filin jirgin can wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna kusa da jakata, ya ƙi tashi. Aka kai ni gefe, wata ma'aikaciya ta sa safar hannu ta buɗe. Garin kuka ya wuce. Daddawa ta sa ta ja da baya tana fifita hanci, amma ta wuce. Sai ta kai ga ƙullin da ke ƙasa, mudu uku na tsiron dawa da na jiƙa na shanya da hannuna. A wurinmu ba a maganar aure babu tulun giya a tsakar gida, na yi niyya in dafa musu ko kaɗan ne. Matar ta ga saiwa a jikin ƙwayar ta ce iri ne, doka ta hana. Ta ba ni haƙuri da ladabi, ta jefa shi a kwandon shara ina kallo.

"Kin ga ishara ko?" in ji Hajiya.

"Kare dai na gani," na ce. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, don tsiron ya yi kyau.

Dinatu tana wurin aiki, sai ta turo wani direba, Malam Isufu, mutumin Maraɗi da ke zaune a wani gari kusa, wai shi Sterling. Ya karɓi jakata yana cewa, "Madam, sannu da hanya, kawo balis ɗin, ta yi miki nauyi." Kafin mu kai Manassas, garin da Dinatu take, ya ji duk abin da ya kawo ni, don ni ba na iya riƙe magana in ta cika min ciki. Ya buga sitiyari yana dariya.

"Madam, ki yi haƙuri da yarinya. Ƙasar nan kowa sai ya gyara labarin gidansu. Ni da kike gani, a nan ɗan sarki ne."

"A Maraɗi fa?"

"A Maraɗi babana jakuna yake wa kofato."

Gidan Dinatu ɗaki biyu ne a hawa na uku, ko'ina darduma, tagogi a rufe, ba ka jin ko kukan kaza. Safiyar farko na fita gaida maƙwabta kamar yadda aka san mutum. Na ƙwanƙwasa ƙofa huɗu, ɗaya ce ta buɗe, ita ma da sarƙa a jikin ƙofar. Rana ta biyu na ɗora miyar kuka, sai wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu saboda ɗan hayaƙin da bai kai ya tayar da sauro ba, na yi ta dukan sa da tsintsiya har ya faɗo. Kazarsu kuwa ƙatuwa ce, tana nuna kafin ka gama yanka albasa, amma in ka rufe ido ba za ka san me kake tauna ba.

Dinatu ta rame. Awa goma sha biyu take yi a tsaye, ta dawo ƙafafu a kumbure, in dafa ruwa in gasa mata, ta yi barci kanta a cinyata kamar da. Yarinyar nan tana ƙaunata, kada wani ya fita da labarin cewa ba ta so na. Amma ranar da na iso ta kwashe zannuwana duka ta zuba a injin wanki, da suka fito ta sansana ta sake mayarwa. Na san abin da take nema ta kashe, ƙaurin itace ne da tsamin tsiro da suka kama zare.

Ranar Laraba muka je gaida uwar Andires. Jirgin ƙasa muka shiga, wanda ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, muka fito a kudu maso yammacin Washington, cikin manyan gine-ginen gwamnati masu kama da juna. A ɗaya daga ciki marigayi mijinta ya yi aikin tafinta har ya yi ritaya. Sunanta Filar, 'yar ƙaramar tsohuwa mai saurin magana. Ina shirin durƙusawa in gaishe ta sai ta kama kafaɗuna ta sumbace ni a kunci dama da hagu, na sandare kamar an dasa ni. Da muka zauna ta tambayi yadda kasuwar hatsi take, Dinatu ta amsa tun kafin in buɗe baki. Ni kuwa na tsura wa fanka ido.

Bayan shayi Filar ta kama hannuna ta kai ni wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala, wuri mai duhu da sanyi. Ta kunna tocila. Kwalba ɗaya ce kwance a kan katako, an naɗe ta da siririyar waya mai ruwan zinariya, ƙura ta lulluɓe ta. Na ɗago bakin zanena zan goge, ta riƙe ni da sauri kamar zan taɓa maciji.

Dinatu ce ke fassara. Wai farar giyar inabi ce daga wani yanki na ƙasarsu da ake kira Riyoha. An matse inabin a shekarar da Filar ta yi aure, shekara arba'in da suka wuce, ta girmi Andires da shekara biyar. Mijinta ya sayi goma sha biyu, duk wani babban abu da ya same su sai ya buɗe ɗaya. Wannan ta ƙarshe ya ce a ajiye har ranar baikon ɗansu, ya rasu bai ga ranar ba.

Na ɗauka Dinatu ta kuskure lissafi. Ni tawa kwana biyu take yi a duniya. Ranar farko tana da zaƙi tana tafasa da kanta, rana ta biyu ta yi ƙarfi da tsami, ta uku sai aladu. Na ce a sake tambaya. Arba'in dai.

"Me ya hana ta mutuwa?"

Filar ta ce ita ba ta san abin sosai ba, mijin ne masani, ita sha kawai take yi. Amma ta tuna yana cewa irin wannan takan yi shekaru a cikin gangar katako kafin a zuba ta a kwalba, iska na shiga kaɗan-kaɗan ta jikin katakon har giyar ta saba da ita, shi ya sa tsufa ba ya ba ta tsoro. A kwance ake ajiye ta don toshiyar bakin ta zauna a jiƙe.

"Gangar sabuwa ce ko tsohuwa?" na tambaya.

"Tsohuwa," in ji Filar. Wai wasu gangunan sun girmi masu aikin.

Na gyaɗa kai, don ni ma ba na yarda da sabuwar tukunya sai ta yi wata shida tana shan wahala. "Tambaye ta, suna wanke ta da sabulu?"

Dinatu ta mintsine ni a hannu, ba ta fassara ba. Filar kuwa ta kashe tocila ta ce tsoro take ji. Shekara goma sha ɗaya rabon da a buɗe irinta, kuma babu wanda zai san halin da take ciki sai an cire toshiya.

Lahadi aka sa baikon, a gidan Filar. A mota na gaya wa Dinatu abin da na zo da shi tun daga gida.

"In ba ki faɗa musu ba, zan ci abinci in yi godiya. Amma ba zan sa muku albarka ba."

Ta taka birki a gefen hanya. "Mama, kin san sunan da ake kira na a makaranta? Shekara shida ba wanda ya kira ni Dinatu. 'Yar mai giya. Kin san sau nawa na tsallake mashaya a ƙofar ɗakinmu zan tafi jarrabawa?"

"Na sani. Ni na share amansu."

"To ki bar ni in zama mutum a wuri ɗaya mana!"

"A wurin da ba ni ba?"

Ta tayar da mota muka ci gaba da tafiya. Na ji tausayinta har cikin ƙashina, na kuma san tana da gaskiyarta. Amma ban janye ba.

Mutanen Sifen ba sa cin abincin rana sai wajen ƙarfe uku, yunwa ta kusa kayar da ni. Mu shida ne a tebur: ni da Dinatu, Andires da uwarsa, Baba Gyang, wani dattijo mutumin Jos daga cocin su Dinatu da ya tsaya a matsayin uba, sai mijin ƙanwar Filar, wani Ba'amurke mai jan wuya da ake kira Mista Bob. Irin mutanen nan ne da ba a taɓa kawo zancen da ba su sani ba. Andires kuwa yaro ne mai kunya, ya koyi "Sannu, Mama" ya yi ta maimaita min har na ƙaunace shi.

Kafin abinci aka kawo kwalbar. Andires ya murɗa ƙarfe a toshiyar, ta karye biyu, rabi ya marmashe. Da ƙyar ya zaro sauran. Ya zuba kaɗan a kofin gilashi. Abin da aka ce fari ne ya fito launin man gyaɗa da aka soya abu a ciki. Mista Bob ya karɓa ya kai hanci, ya yamutsa fuska, ya ɗanɗana ya tofar a tsumma. Wannan Turancin ban buƙaci tafinta ba, cewa ya yi ta mutu. Andires ma ya sansana ya sunkuyar da kai. Filar ta rufe fuska da hannu biyu ta fara kuka marar sauti, tana kiran sunan mijinta.

Andires ya ɗauki kwalbar ya nufi wurin wanke-wanke don kada uwarsa ta ci gaba da ganin ta. Zai wuce ta gefena na cafke wuyan hannunsa. Na karɓi kofin na sa hanci.

Wari ne, gaskiya, irin na ɗakin da aka rufe tun damina. Amma ni na san warin mutuwar giya, na zubar da tukwane da yawa a rayuwata ina kuka. Matacciya takan soki hanci, ko kuwa ta yi lami ba ta cewa komai. Wannan a ƙarƙashin warin akwai wani abu mai motsi. Na ɗiga a harshe. Tsaminta na nan a tsaye, mai tsabta, ya bi gefen harshena ya sa yawu ya kawo. Duk mai dafa giya ta san tsami ne ke riƙe ta, shi ya sa muke barin ƙullu ya kwana kafin dahuwa ta biyu.

"Gaya musu ba ta mutu ba," na ce wa Dinatu. "An daɗe da rufe ta ne. A ba ta iska."

Ta faɗa a hankali. Mista Bob ya yi dariya, ya ce wani abu yana nuna ni da cokali, na tsinci kalmar hatsi a ciki. Baba Gyang ya raɗa min cewa wai tambaya yake, yaushe mai sayar da hatsi ta zama masaniyar giya. Andires ya fara jan kwalbar a hankali daga hannuna, cikin ladabi, kamar yadda ake karɓe wuƙa a hannun tsohuwa. Turancina ya isa in faɗi sana'ata da kaina, kalma uku ce. Na haɗiye su, na dubi Dinatu.

Ta miƙe tsaye har kujerarta ta faɗi. Ta yi magana da ƙarfi, kuma a tsakiyar Turancin na ji burkutu ta fito daga bakinta, na ji talatin da huɗu. Andires ya saki kwalbar yana kallon ta baki buɗe. Baba Gyang ya kama tari. Ita kuwa ta ɗaga kujerarta ta zauna, ta kafa wa farantinta ido, ba ta kalle ni ba.

Na nemi jug biyu na gilashi. Na tace marmashin toshiyar da farin ƙyalle, na juye giyar daga wannan zuwa wancan sau uku kamar mai shayi. Mista Bob ya kawo bokitin ƙanƙara na ture shi, don sanyi rufe bakin abu yake yi. Na ajiye jug ɗin a kan kabad na ce a ci abinci.

Ban taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya kamar wannan ba. Shinkafa ce rawaya a faffaɗan kasko, da ƙwarin teku a kai suna kallon mutum da idanunsu, ga naman alade da aka yanka siriri ba a dafa ba. Amma ba abincin ne ya dame ni ba. Na sami abin da na ƙetare teku dominsa, kuma bai yi min daɗi ba, don da ƙarfi na ƙwace shi. Idan giyar nan ta mutu da gaske, na kunyata 'yata sau biyu a rana ɗaya. Idan ma tana da rai, ban san ko Dinatu za ta sake kwantar da kanta a cinyata ba. Cokula kawai ke ƙara.

An kusa awa ɗaya sai Filar ta ɗago kai tana buɗa hanci. Ni na riga ta jin ƙanshin. Ta tashi ta ɗauko jug ɗin da kanta, ta zuba ta sansana, ta zauna a hankali. Warin ɗaki ya tafi. Abin da ya maye gurbinsa ƙanshin saƙar zuma ne da soyayyar gyaɗa da busasshen ɓawon lemo. Ta kurɓa ta rufe ido, ta daɗe a haka, sannan ta ce wa ɗanta wani abu da yarensu, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Daga baya na ji cewa ta yi, haka bakin babansa yake ƙanshi ranar da aka yi wa Andires baftisma.

Ta zuba min ta miƙo da hannu biyu. Ga masu cewa na bugu, rabin kofi na sha. Ba ta da zaƙi ko kaɗan, ba ta kuma tafasa a baki irin tawa. Shiru take shiga, sai ka haɗiye sannan ta fara magana, ɗanɗanon ya zauna a maƙogwaro har ka gama jan numfashi biyar. Kurɓa ta ƙarshe ta fi ta farko daɗi, don tana ƙara buɗewa muna zaune. Na girmama wanda ya dafa ta, ko waye shi, don ya yi aikin da ya san ba lallai ya ga ƙarshensa ba. Mista Bob ya ce dama shi ya yi zargin haka. Baba Gyang da ba ya sha ya roƙi a ba shi ya sansana, sau biyu.

Sai Filar ta juyo ta dafa hannuna ta yi tambaya. Wai wannan burkutun, yaya ake yin ta? Na jira Dinatu ta juyo da tambayar gare ni in amsa ta fassara, kamar yadda muka saba. Ba ta juyo ba. Ta ture farantinta gefe, ta naɗe hannun rigarta, ta fara ba su amsa da kanta.

Turancin ya yi min sauri, amma hannuwanta nake kallo. Ta zuba dawa a ruwa. Ta tsame ta baza a ƙasa, ta rufe da ganye, ta yayyafa ruwa da bayan yatsu, daidai yadda nake yi. Ta shanya, ta kai niƙa, ta dama, ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe. Ta kama muciya da hannu biyu tana juyawa, har da kawar da fuska daga hayaƙin da babu shi a ɗakin. Yarinyar da ta yi shekara ashirin ba ta leƙa rumfar dahuwa ba, ba ta tsallake ko mataki ɗaya ba. Andires ya tambayi kwana nawa tsiron yake yi, ta ɗaga yatsu uku.

"Huɗu," na ce da Hausa. "In da sanyi huɗu ne."

Sai a lokacin ta kalle ni, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta ƙara yatsa ɗaya.

"Huɗu, Mama."

Na tashi na zagaya teburin. Na ce wa Baba Gyang ya gaya wa yaron ya durƙusa kusa da ita, na ɗora hannuna a kansu su biyu.